Shekarar da Muka Tsaya Bayan Isufu

Na gode wa Allah da ya ara mini kwana har na iso wannan babi, don na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin ƙuruciyata, na ba ku na aurena, har yadda na shiga karatun manya da goyo a baya na koyi riƙon alƙalami duk na rubuta, amma duk lokacin da na zo kan maganar gidan Bande sai in tuna ina da wani aiki. Lawali, kai ka ja. Ranar da ka dawo daga ɗaurin aure a Magarya fuska a murtuke, ka ce wani dattijo ya tambaye ka ɗan wane ne kai, da ka faɗa masa sai ya ce, au, ɗan mai rijiyar nan da ya shiga cinikin Isufu? Na ce maka ka rabu da shi, tsufa ne. To, ba tsufa ba ne. Maganar nan ta fi shekara ashirin tana yawo a gari, Babanku ya ɗauke ta a kansa har ya koma ga Allah bai sauke ba. Ni ya kamata in sauke masa, don ni na aza masa.

A lokacin muna zaune a Yekuwa. Babanku yana haƙar rijiya, ni ina man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ku kuma kuna aikin da kuka fi iyawa, wato cinye ƙulin kafin ya kai kasuwa. Inna, kakarku, tana Bande ita kaɗai a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar mata. Kawunku ya tafi ci-rani Kano, ci-ranin ya zama zama. Idonta ya fara yana, tun tana gane mutum daga bakin zaure har ta koma sai an yi magana. Daga Yekuwa zuwa Bande a amalanke yini ne, ni kuwa ba na samun zuwa sai wata-wata. Wani zuwa na tarar ta ɓoye hannunta na dama cikin zane. Sai da na yi da gaske ta fito da shi, ashe tukunyar koko ta laluba tana kan wuta, duk tafin hannun ya sale, ta naɗe shi da tsumma kwana shida ba wanda ya sani. Ina kuka ina wanke mata, ita kuwa abin da ta ce da ni shi ne,

“Wa ya aiko ki? Kin baro yara da miji kin zo kina yi mini majina a hannu.”

Kun san ni ce 'yar farinta, kun kuma san abin da wannan ke nufi wurin mutanen da. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana magana da ni, “ke”. In tana maganata da wasu, “waccan ta Yekuwa”. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabon abin da na dafa, in na kawo mata mai sai ta ce wa maƙwabta wani ne ya aiko. Kada ku yi mata dariya da yawa, ni ma ga babbarku nan, ta kusa aurar da 'ya, ku tambaye ta sau nawa ta ji na kira ta. Amma Allah ya sani abin yana cina. Na san al'ada ce, kowa ya sani, sai dai akwai ranar da mutum ke so a karya masa al'ada ko sau ɗaya ne, ya tabbatar.

Da na koma na faɗa wa Babanku maganar hannun, nan take ya ce a ɗauko ta, zai gina mata ɗaki a gidanmu. Na kai mata saƙo. Ta ce ita ta zauna gidan suruki, ta ci tuwonsa, ya riƙa jin tarinta da safe? Sai dai a kai gawarta. Shi ma kuma ba zai tattara iyali ya tare a gidan surukuwa ba, a ce mai rijiya ya zama mijin-ta-ce. Haka muka zauna, kowa yana kunyar kowa, tsohuwa tana laluben wuta.

Ana cikin haka Allah ya kawo mafita har bakin ƙofa, Inna ta kore ta. Maƙwabcinta da katanga ɗaya ta raba su, Baba Ɗan Jimma, ya tsufa, ɗansa ya matsa ya koma wurinsa a Damagaram, ya sa gidansa a kasuwa. Dattijo ne mai sanin ya kamata, kafin ya gaya wa dillali sai da ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi, don kada a wayi gari mutum ya ga baƙon fuska a jikin katangarsa ba a shawarce shi ba. Inna ya fara zuwa wa. Har cewa ya yi da ita, ga 'yarki can nesa, ko za a aika wa mijinta? Mu duk ba mu san an yi ba. Sai bayan sati uku wata mai sayen mai a wurina take ba ni labari a bakin kasko, tana cewa ashe kun ƙi gidan Ɗan Jimma? Ban ƙarasa suyar ranar ba. Washegari da asuba ina kan amalanke.

“Inna, Baba Ɗan Jimma ya zo miki da maganar gida?”

“Ya zo.”

“Kika ce masa me?”

“Na ce Allah ya kawo mai rabo.”

“Haba Inna! Mu fa? Ba ki tuna da mu ba?”

“Ke, rufe mini baki. Kin taɓa jin uwa ta aika wa suruki ya zo ya sayi gida a gindinta? A ce na ƙosa in ga wa?”

Na fita bayan ɗaki na yi kukana na ƙoshi. Sannan na shiga wurin Baba Ɗan Jimma, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, 'yata, kin makara da kwana goma. Wani manomi daga wani ƙauye can bayan Sassumbrum, sunansa Isufu, ya taya, shi kuma ya sallama. Isufu yana da 'yan mata biyu da suka ci jarrabawar shiga kwaleji, ƙauyensu babu, ba ya kuma son ya raba su gidajen mutane. Ya ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, an sa wa'adi: kasuwa ta uku bayan an gama roron wake zai kawo cikon, in ya sayar da wakensa da bijimai biyu.

Ni a ganina abin mai sauƙi ne. Na ce da Babanku ya je ya ƙara kuɗi, tsoho zai juya. Ya dube ni kamar na ce ya je ya yi sata. Ya ce an sallama wa mutum, an shafa fatiha, shi ba zai shiga cinikin ɗan'uwansa Musulmi ba ko da gidan zinariya ne. Na yi faɗa, na yi shiru, na yi miya ba gishiri da gangan. Kun san halinsa, in abu ya dame shi ba ya magana, igiyar guga yake ɗauka ya zauna gindin bishiyar bedi yana tufka. Kwana uku yana tufka igiyar da ba wanda ya tambaye shi. A rana ta huɗu ya kira ni.

“Rabi, ba zan shiga gabansa ba. Amma zan iya tsayawa a bayansa.”

“Wane irin tsayawa kuma?”

“In je in ce, in Allah bai nufe shi da cikawa ba ranar wa'adi, kada a kai gidan kasuwa, ga ni. Kuɗin da ya taya shi zan ba da. Na tambayi liman, ya ce ba laifi, muddin ban ƙara ba, ban kuma zuga mai gida ba.”

“To, je ka gaya wa Baba Ɗan Jimma a asirce.”

“A'a. Isufu zan fara gaya wa. In ya ce bai yarda ba, an gama.”

Na ce wannan wace irin wauta ce, ka je ka nemi izinin mutum ka jira faɗuwarsa? Ranar kasuwar Bande ya sa babbar rigarsa guda ɗaya, ya nemo Isufu a wurin 'yan awo, ya ja shi gefe ya faɗa masa komai, har maganar hannun Inna. Daga nan suka tafi zauren Baba Ɗan Jimma tare da mai unguwa. Ni ban shiga ba, shi ya ba ni labari. Ya ce tsohon da ya ji masu so sun zama biyu sai idonsa ya ɗan yi haske, ya fara cewa ai in mai rijiya zai ɗora ɗan wani abu a kai, to, a duba. Babanku ya ce ko dala ɗaya ba zai ɗora ba, in ya ɗora ya zama mai takara, shi kuwa ba takara ya zo ba. Isufu, wani dogon mutum mai yawan fara'a, ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa.

“Tsaya bayana, Malam, na yarda. Sai dai ka nemi kujera, don za ka gaji da tsayuwa. Wakena bana sai wanda ya gani.”

Aka sake shafa fatiha, mai unguwa ya ce kowa ya ji: gida na Isufu ne har ranar wa'adi, in rana ta faɗi bai cika ba, magana ta koma hannun mai rijiya.

Ba wanda ya gaya mini tsayuwa bayan mutum tana da wuya haka. Na farko, dole abin da za ka biya da shi ya zauna a shirye, ba ka taɓa shi, ba ka kuma san ko za a nema ba. Muka sayar da tumakina, Babanku ya sayar da gonar fadamar da ya gada, duk muka ƙulle kuɗin. Kaka ta zo, gyaɗa ta yi araha, mata abokan sana'ata suna ta saye suna cika ɗaki, ni ina kallo. Shekarar nan ban yi man kirki ba, masu sayena da yawa suka koma wurin wasu. Wannan duk ƙarami ne. Babban shi ne abin da ya same ni a zuciya, kuma ina so ku karanta shi da kyau, musamman ku mata da kuka ɗauko halina. Na wayi gari duk wanda ya zo daga wajen Sassumbrum sai na tambaye shi labarin damina. Ruwa ya sauka can? Tsutsa ba ta taɓa wake ba? In an ce ruwa ya yi kwana goma bai zo ba, sai in ji wani sanyi-sanyi a raina, in yi maza in ce Allah ya kyauta. Ban taɓa ɗaga hannu na roƙi Allah ya lalata gonar bawan Allahn nan ba, amma ban taɓa roƙa masa albarka ba ko sau ɗaya. Babanku kuwa ya gane. Wata rana ina tambayar wani mai amalanke, yana gefe yana gyaran dagi, da mutumin ya tafi ya ce,

“Yaushe kika fara noman wake a Sassumbrum?”

“Tambaya ce kawai.”

“Ki daina. Ni kullum bayan sallah ina roƙa masa Allah ya cika masa. In ba haka ba, ba tsayawa na yi bayansa ba, laɓewa na yi.”

Na ji kunya, amma ban daina ba, na dai daina yi a gabansa.

Sai kuma ga Hassu, matar Isufu. A gidan Inna na fara ganinta. Na yi sallama na ji dariya a tsakar gida, abin da na manta rabon da in ji, na tarar da wata gajeriyar mata mai faɗin fuska ta sa kan Inna a cinya tana yi mata kitso. Ashe duk ranar kasuwa takan biyo mijinta ta zo ganin gidan da za su tare, ta share, ta auna inda za ta sa murhu, in ta gama ta shigo gaida maƙwabciya. Ita ta karɓo wa Inna maganin ɗigawa a ido daga gidan likita. Lemon tsamin nan na bayan ɗakinku, da kuka yi ta jifa tun bai nuna ba, ita ta dasa shi da hannunta, da izinin Baba Ɗan Jimma, tana ɗebo masa ruwa a buta. Na so in ƙi ta, wallahi na yi ƙoƙari, abin ya gagara. Mace ce da ba ta da ƙulli a ciki ko kaɗan. Ta san mu ne ke tsaye bayansu, amma tana ganina ta tashi ta karɓi kayana tana cewa Yaya sannu da hanya. Inna kuwa, Hassu kaza, Hassu kaza, sunan nan a bakinta kamar alewa. Ina zaune a gefe kamar baƙuwa ina jin uwata tana kiran sunan 'yar wasu sau goma kafin la'asar. Da za ta tafi ta riƙe hannuna.

“Yaya, ki kwantar da hankalinki. In mun tare, Inna ta zama tawa. Wuta ma ba za ta ƙara hurawa ba, daga tukunyata za ta ci.”

Magana ce ta alheri, kuma na san da gaske take. Amma ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamarta ba.

Waken Isufu ya yi kyau, kamar yadda ya faɗa. Abin da ba wanda ya zata shi ne kuɗin Najeriya ya faɗi a kakar nan, 'yan kasuwar da ke tsallako iyaka da manyan motoci suna kwashe wake suka ɗauke ƙafa. Wake ya cika kasuwa ba mai tayawa, kuɗin tiya, kwanon awo, ya koma abin tausayi. Shanu ma haka. Ranar wa'adi muka kwana a Bande, ni a wurin Inna, Babanku a gidan wani abokinsa. Da hantsi Isufu da Hassu suka iso, ta leƙo ta gaishe mu, na fita ɗebo ruwa, da na dawo ban gan ta ba, na ɗauka ta wuce kasuwa. Bayan azahar maza suka taru a zauren Baba Ɗan Jimma. Inna ta shige ɗakinta an saki asabari, na ce barci take. Ina tsakar gida ina tsince shinkafar da na riga na tsince sau biyu, sai na ji sallamar Babanku a zauren Inna. Bai taɓa wuce zauren nan ba tunda aka ɗaura mana aure. Na fita na same shi tsaye, hula a hannu.

Ya ce Isufu bai cika ba. Ya sayar da bijimi ɗaya da rabin waken, saura ya ƙi karyarwa, ya roƙi a ƙara masa wata guda ko kasuwa za ta farfaɗo. Baba Ɗan Jimma ya ce shi ya cika alkawarinsa, ɗansa ma ya riga ya yi maganar motar kwasar kaya, amma tunda magana ta koma hannun mai rijiya, in mai rijiya ya ce a jira, zai jira.

“Rabi, ina so in ba shi watan nan.”

“In kasuwa ta farfaɗo fa?”

“To, rabonsa ne.”

“Mu kuma mu koma Yekuwa, ba gona ba tumaki?”

“Gona ana saye. Mutumin nan ba wasa ya yi ba, ba ƙarya ya yi ba, kasuwa ce ta juya masa baya. Ya yarda na tsaya bayansa don ya ɗauke ni mutumin kirki. Kuma kin ji da kunnenki, matarsa za ta riƙe Inna.”

Nan ne na fashe. Na manta a zauren wa nake, na manta da maƙwabta. Na ce ba na so! Ba na so wata ta riƙe mini uwa. Na ce shekara arba'in ina jiran matar nan ta dube ni, yanzu idon ma ya tafi, abin da ya rage mini kawai in dafa mata da hannuna, in wanke mata zane, in ji tarinta ta bayan katanga in san ta kwana lafiya. Na ce uwata ce, ni ta haifa, ba Hassu ba, ko ba za ta taɓa kiran sunana ba ni zan zauna kusa da ita har ɗayanmu ya mutu. Na ce an yi wa'adi a gaban shaidu, ba mu zalunci kowa ba. In ya ba da watan nan, to, ya koma Yekuwa shi da yara, ni na zo gida ke nan.

Ya daɗe yana juya hular nan. Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Daga baya ya sa hularsa.

“To, na ji. Amma ba ke kika ce ba. Ni na ce. Kada in ji kin gaya wa kowa.”

Ya koma zauren ya ce ya karɓa. Ya tsaya sai da aka mayar wa Isufu kafin alƙalaminsa cif, ba a taɓa ko dala ba. Isufu bai yi hayaniya ba, ya miƙa masa hannu ya ce,

“Haƙƙinka ne, Malam, ba ka ci nawa ba. Na dai ɗauka za ka jira ni.”

Babanku ya ce mini, da Isufu ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Kafin sati ya zagayo gari ya ɗauka: mai rijiya ya laɓe bayan bawan Allah, yana tuntuɓe ya haye ta kansa. Kasuwar wake kuwa ta farfaɗo kafin watan ya ƙare, wannan ya ƙara wa maganar gishiri. 'Yan matan Isufu aka raba su gidajen dangi, ƙaramar ta jure ta gama, babbar ta yi shekara guda ta koma ƙauye. Wannan yarinya tana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kansa har gobe. Da rani Babanku ya kwashi kayan aikinsa ya tafi ƙauyensu ya haƙa musu rijiya, ya ce sadaka ce. Isufu ya yi godiya, ya yanka masa kaza, bayan kwana biyu ga amalanke a ƙofar gidanmu da damman hatsi daidai ladan aikin. Suna gaisawa in sun haɗu, har Isufu ya rasu, amma dariyar nan da dafa kafaɗa ba ta ƙara dawowa ba. Hassu kuwa ba ta sake taka unguwarmu ba. Sau da yawa na yi niyyar zuwa wurinta, in ɗaura zane in kwance.

Bayan mun tare a gidan, shekara huɗu na samu da Inna. Aka fasa katanga aka yi 'yar ƙofa, ku kuka fi kowa cin moriyarta, kuna shiga kuna tsokanar tsohuwa tana bin ku da sanda tana dukan iska. Babanku kuwa in zai je masallaci sai ya zagaya ta bayan layi don kada ya yi kiciɓis da surukuwarsa a bakin ƙofa, ita ma in ta ji takunsa sai ta ja mayafi ta rufe fuskar da ba ta ganin komai. Ban taɓa jin ta ce ta ji daɗin zuwanmu ba. Miyata gishiri ya yi yawa, yarana sun cika surutu, wa ma ya ce mu baro garinmu. Wani lokaci tana tambaya ko an ji labarin Hassu, in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. A cinyata ta cika, da hantsi, ina ba ta ruwa a ludayi. Na yi ta jira ko za ta ce wani abu, salati kawai ta yi. Na haƙura, na ce wataƙila ni kaɗai na so zaman nan, na ɓata wa mijina suna, na katse wa 'yar mutane karatu, don abin da tsohuwar ba ta ma nema ba. Da wannan tunanin na zauna shekara da shekaru.

Ranar sadakar bakwai ta Babanku, bayan mutane sun ragu, wata tsohuwa ta shigo da sanda ta zauna a bakin tabarmata. Sai da ta ce Yaya, ya haƙuri, na gane ta. Ta yi masa addu'a mai tsawo. Na ga in ban faɗa ranar ba, ba zan ƙara samun dama ba.

“Hassu, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Maganar gidan nan, ba shi ba ne. Shi ya so ya jira ku. Ni na hana.”

“Na sani.”

“Wa ya gaya miki?”

“Ba kowa. Ina cikin ɗakin Inna ranar, ina matsa mata ƙafa. Bayan ɗakin ai jikin zaure yake, ke kuma ba a hankali kike magana ba.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, shekara ashirin da wani abu kin sani, kika yi shiru? Ta ce to, ni ma jira nake ki zo ki faɗa da bakinki, ba ki zo ba. Ta ce ta yi fushi ƙwarai, ba don gidan ba, don 'yarta. Tana murza carbi, ta ce akwai amanar da ta riƙe mini, fushi ya hana ta bayarwa, yanzu kuwa ta ga duk tafiya muke yi ɗaya bayan ɗaya.

“Ba barci Inna take ba, Yaya. Duk abin da kika faɗa ta ji. Da kika ce ni ta haifa, na yunƙura zan tashi in fito in yi magana, ta damƙe hannuna da hannun nan nata mai tabo. Hawaye har cikin kunne. Ta ce, Hassu, ki yi wa Allah ki zauna. Na kore ta sau ɗaya don kunya, ba zan iya na biyu ba. Ki bar mini 'yata.”

Mutanen da suka rage a tsakar gida suka ji kukana, suka shigo suna ba ni haƙuri, suna cewa Malam ya yi kyakkyawan ƙarshe, in yi masa addu'a. Na bar su a haka. Hassu ce kaɗai ta san ranar uwata nake wa kuka, ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta har na gama.